Hawan Dutsen Sukur a Ƙarshen Rani

Daga Yola zuwa gindin dutsen Sukur tafiya ce ta kusan kilomita 290, kuma mai niyyar yin ta gara ya yi sammako. Mun bar Jimeta bayan sallar asuba, muka haye gadar Binuwai, muka bi ta Girei da Song da Gombi da Hong. A Mararrabar Mubi muka tsaya shan shayi, sannan muka miƙe arewa ta Uba da Bazza da Michika. Tun daga nan duwatsun Mandara ke raka matafiyi ta hannun dama, wasu a kwance, wasu a tsaye cak, kuma bayansu Kamaru ce. Shingayen sojoji suna da yawa a wannan hanya. Nan da can mutum yana ganin gini babu rufi, bangonsa baƙi ƙirin, tun daga shekarar 2014 da 'yan Boko Haram suka kama Madagali da Gulak da Michika, har suka shiga Mubi. Direbanmu bai ce komai a kansu ba, ni ma ban tambaya ba.

Kowa ya ba ni shawarar in bari sai hunturu, lokacin da an gama girbi kuma hawan dutse ba ya wahalar da mutum. Na zaɓi ƙarshen Afrilu da gangan, duk da zafinsa, domin a lokacin ne manoman dutse ke gyaran gonakinsu kafin ruwan fari. Hotunan Sukur na sha ganinsu. Abin da nake so in gani shi ne hannun da ke riƙe da wurin.

Bayan Gulak muka saki kwalta muka shiga hanyar burji zuwa ƙauyukan gindin dutse, inda ake kira Sukur Ƙasa. A nan na kwana a gidan wani malamin firamare, saurayi ɗan asalin wurin, wanda ya yarda ya raka ni sama. Mutanen nan suna da harshensu na Sakun, amma Hausa ce harshen kasuwa da na baƙo, don haka hira ba ta yi mana wuya ba. Ya ce mini, “Malam, in ba mu tashi da duhu ba, rana za ta same mu a tsakiyar dutse, kuma ba ta da tausayi.” Da asuba kuwa muka kama hanya.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne hanyar kanta. Ba turba ba ce irin wadda ƙafa ke fitarwa a daji. Daɓe ne na faffaɗan duwatsu, an jera su ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙasa har sama, inda gangara ta yi tsanani an mayar da su matakala. Babu siminti, babu laka, nauyin dutse ne kawai ke riƙe da ɗan'uwansa. Tsakiyar kowane dutse ya yi sumul saboda tafin ƙafar mutane da kofaton dabbobi. A wasu wurare hanyar tana da faɗin da mutum uku ko huɗu za su jera. Muna hawa muna haki, sai ga mata suna saukowa da kaya, suna tafiya da sauri ba su ko duban inda suke takawa. Kowace ta gaishe mu, “Sannunku da hawa,” ta wuce. A hanya akwai ƙofofi na dutse inda dole a ratsa ta tsakaninsu, kuma abokin tafiyata ya ce da can akwai masu tsaronsu.

Rana na fitowa muka kai inda ido ke iya ganin gangaren tsaunin gaba ɗaya. Daga sama har ƙasa gonaki ne hawa-hawa, kowace an tokare ta da 'yar katangar dutse, layi bisa layi suna bin lanƙwasar tsauni, sai ka ce an zauna an yi wa dutsen kitso. Wata gonar faɗinta bai fi taku biyu ba. Wata katangar ba ta wuce gwiwa ba, wata kuwa ta kai ƙirjin mutum. A wannan lokaci na shekara babu kore ko kaɗan sai 'yan itatuwa, kuka da tsamiya da maɗaci, saboda haka aikin dutsen ya fito fili babu abin da ya rufe shi.

A ɗaya daga cikin gonakin muka tarar da wani dattijo a durƙushe, yana mayar da duwatsun da suka zube. Muka yi sallama, ya amsa bai daina aiki ba. Na ce, “Baba, sannu da aiki. Wannan katangar kai ka gina ta?” Ya ce shi ma haka ya tarar da ita, mahaifinsa ma haka ya tarar da ita, nasa kawai gyara ne. Kowace damina ruwa na ture wasu duwatsu, da rani kuma awaki su ƙarasa, saboda haka kafin shuka sai an bi kowace katanga an ɗaga abin da ya faɗi. Na zauna ina kallonsa. Yakan ɗauki dutse ya jujjuya shi a hannu, ya gwada wannan fuska, ya gwada waccan, har sai ya sami inda ya zauna daram, sannan ya cusa ƙanana a bayansa, ya tura ƙasa da fartanya. Babba a ƙasa, ƙarami a sama, kuma katangar tana ɗan jingina da tudu, ba ta tsaya a miƙe ba. Ramukan da ke tsakanin duwatsun da gangan ake barinsu, don ruwa ya tsiyaye a hankali maimakon ya taru ya fasa.

Hikimar ke nan gaba ɗaya. Ruwan sama da zai gangaro da gudu ya kwashe ƙasa, katanga ta farko tana rage masa ƙarfi, ta biyu ta ƙara ragewa, laka ta kwanta a bayan kowace, danshi ya zauna. Duwatsun da za su hana noma su ne aka tsince aka mayar da su masu tsaron gona. A kan wannan 'yar ƙasa ake shuka dawa, a tsakaninta wake, a gefe gujiya da aya da kuɓewa. Amma dattijon ya nuna mini wani abu da ban taɓa tunaninsa ba. Ya ɗaga hannu ya nuna gonar da ke samansa, wadda ciyawa ta cinye, katangarta ta ɓalle a tsakiya. Ya ce mai ita ya koma ƙasa da iyalinsa. Yanzu in ruwa ya sauko ta wannan ɓarakar yake biyowa da ƙarfinsa, ya faɗo wa tasa. “Ɗana,” in ji shi, “bana tawa nake gyarawa da tasa.” Gonar dutse ba ta mutum ɗaya ba ce ko da shi kaɗai ke cin amfaninta. In na sama ya tashi, na ƙasa ya shiga uku.

Da muka shiga unguwannin sama, wato Sukur Sama, inda tsayin wurin ya haura mita 1,000, na ga yadda gida da gona suke ciyar da juna. Gidajen zagaye suke da katangar dutse, ɗakunan laka da jinka, rumbuna a tsakiya kowanne da hularsa ta ciyawa. A cikin gida akwai ɗakin sa, wanda rabinsa a cikin ƙasa yake, an gina shi da dutse. A nan ake turke sa ana kai masa ci da sha har ya yi ƙiba, don biki ko aure. Takin da ya taru a ramin shi ake kwashewa a kai gona tare da tokar murhu da sharar gida. Ba a zubar da komai. Ga masussuka da aka share aka daɓe, ga rijiyoyi da aka kewaye da dutse, ga maƙabartu a can gefe da tulin duwatsu a kan kowane kabari. Kowane abu yana da wurinsa, kuma kowane wuri yana da suna.

Fadar sarkinsu, wanda suke kira Hidi, tana kan tudu ne, ta kalli sauran gari. Katangunta na dutse ne zalla, da ƙofofi da dogayen duwatsu a tsaye a bakinsu, waɗanda almarar wurin ke cewa wasu ƙattai ne suka ɗauko su. Muka cire takalma muka yi gaisuwa kamar yadda aka nuna mana. A cikin watan Disamba na 2014 'yan Boko Haram sun hawo har nan, suka cinna wa gidaje da fadar wuta, suka kwashe dabbobi da hatsi. Jinka ta ƙone, itace ya ƙone, kayan gado da ke cikin ɗakuna suka tafi. Dutse ne kawai wuta ba ta ci ba. Mutane suka dawo suka sake ɗora rufi da hannunsu. Wani daga cikin fadawan ya zagaya da ni yana nuna inda aka sabunta da inda har yanzu baƙin hayaƙi yake.

Abin da ya fi daɗe mini a rai shi ne maganar ƙarfe. A bayan wani gida malamin ya tsuguna ya tsinto wani baƙin dunƙule mai ramuka ya miƙo mini. Kashin tama ne, wato dattin da ke raguwa in an narka ƙarfe, kuma ƙasar wurin cike take da shi. Sukur ba da noma ta yi suna ba tun farko, da ƙarfe ne. Bayan ruwan sama mata kan bi ƙoramu suna tara baƙin yashi mai nauyi, su wanke shi su tace. Maza su sari itace su ƙona gawayi. Sai a haɗa su a dogon murhu na laka da aka gina a jikin gangara, mai zuga ya hau sama yana buga zugazugi ana yi masa waƙa, tun safe har tama ta narke ta bar dunƙulen ƙarfe. A yawancin ƙasashen da na sani wannan aikin na zuriyar maƙera ne kaɗai, amma a Sukur manoma ma suna narkawa, maƙera kuma su ƙera. Sandunan ƙarfen da ake fitarwa har kuɗi ne, ana biyan sadaki da su. Fatake daga filayen Borno da maƙwabta sukan zo saye, su kawo hatsi da gishiri da busasshen kifi da tufafi. Da wannan arziki ne ƙaramin gari a kan dutse ya iya gina fada da hanyoyin daɓe. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya bi ta ƙasar Margi a 1851 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, bai hau dutsen ba, amma ya ji labarin ƙarfin sarkin Sukur har ya rubuta.

Wajen shekarar 1960 wutar ta mutu. Ƙarafan tsofaffin motoci da na Turai suka cika kasuwa da araha, babu mai sake wahalar tara yashi da ƙona gawayi. Na ga ragowar wani murhu, rabinsa ya zube, ƙadangaru na shiga suna fita. Waɗanda suka ga ana wannan aiki da idonsu yara ne a lokacin, yau kuwa su ne tsofaffin gari, kuma kaɗan suka rage. Na zauna da ɗaya daga cikinsu a inuwar kuka, ya rera mini guntun waƙar zuga da muryar da ta gaji, ya tsaya a tsakiya ya ce saura ya ɓace masa. Murhu ana iya sake gina shi daga hoto. Yawan gawayin da ake zubawa, da launin harshen wuta da ke nuna ƙarfe ya nuna, da waƙar da ke daidaita hannun mai zuga, waɗannan a kan mutane suke, kuma da su ake binne su.

Akwai wani ɓangare na tarihin wurin da ya kamata mu da muka fito daga filayen arewa mu saurara da kunnen basira. Hamman Yaji, wanda ya yi sarautar Madagali daga 1902 har Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927, ya shafe shekaru yana kai hari kan mutanen waɗannan duwatsu yana kama bayi, kuma Sukur na cikin inda ya fi addaba. Ba zargi ba ne na baki: shi da kansa ya sa an riƙa rubuta masa abubuwan da yake yi da Larabci tun daga 1912, har da adadin mutane da shanun da aka kamo. Sunansa har yau yana bakin tsofaffi a nan. Ya dame ni ƙwarai cewa ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci waɗannan ƙauyuka dalla-dalla lissafin ganima ne. Mutanen da suka gina wannan abin mamaki sun shiga takarda ne a matsayin adadi.

Rubutu na mutunci ya zo daga baya. Tun daga 1992 wasu masu bincike biyu, Nicholas David da Judy Sterner, suka zauna a Sukur suka zana taswirar fada, suka rubuta sarautu da zuriyoyi da bukukuwa irin su Yawal, suka ɗauki hotuna. Hukumar kula da gidajen tarihi da kayayyakin gado ta ƙasa ta gabatar da wurin, kuma a 1999 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin wuraren gado na duniya, fili mai faɗin kadada 764. Shi ne na farko a Najeriya, kafin kurmin Osun na Osogbo ya biyo a 2005. Abin lura shi ne ba fadar kaɗai aka karrama ba, har da gonaki da rijiyoyi da rumbuna da hanyoyi, wato ƙasar da yadda mutane suka sarrafa ta. Bayan ɓarnar 2014 amfanin wancan aiki ya fito, domin akwai shaidar yadda abubuwa suke kafin wuta. A 2018 kuma wata ƙungiyar kare wuraren tarihi ta duniya, World Monuments Fund, ta sa Sukur cikin wuraren da ke buƙatar agaji.

Duk da haka, abin da ke cin Sukur a yau ba ya zuwa da bindiga. Makaranta mai kyau tana ƙasa, asibiti yana ƙasa, kasuwa da injin niƙa da babur duk suna ƙasa. Mace mai naƙuda in abu ya yi tsanani sai an ɗauko ta a kafaɗa an sauko da ita ta waccan matakala da na yaba da safe. Da rani ruwan rijiyoyin kan dutse yana ja baya, mata su yi dogon layi. Saurayin da ya je Mubi ko Yola ya ga yadda ake samun kuɗi, da wuya ya dawo jujjuya dutse a gonar taku biyu. Kwano kuma yana maye gurbin jinka, kuma wanda ya taɓa ganin rufin ɗakinsa na ci da wuta ba za ka ga laifinsa ba in ya sayi kwano. Ni dai ba zan iya buɗe baki in ce wa mutum ya zauna cikin wahala don baƙo ya zo ya ɗauki hoto ba. In ana son gonakin nan su rayu, sai zaman sama ya zama abin da mai iyali zai iya: ruwan sha, ɗakin shan magani, malamai da za su zauna, da lada ga wanda ya gyara katangar da ba tasa ba, tunda amfanin gyaran na kowa ne. Takardar shaida daga UNESCO ba ta ɗaga dutse ko ɗaya.

Ina zaune a can sai ƙauyenmu na ƙasar Kano ya faɗo mini. Na tashi na ga burtali mai shingen aduwa da ke kai shanu rafi, na ga gawo a tsakiyar gonaki yana zubar da ganye da damina yana ba dawa wuri, na ga rumbuna a bayan kowane gida da fadamar da ake rake da albasa. Yau an yanka burtalin an haɗa da gona, gonar an yanka ta fulotai, gawon ya zama gawayi. Wannan ma tsari ne da kakanni suka gina da sani, daidai da na Sukur, sai dai nasu na dutse ne namu na itace da ƙasa, don haka namu ya tafi bai bar kufai ba. Ba ni da hoto ko ɗaya na wancan burtali. In aka ce kayan gado, hankalinmu kan tafi ga ganuwa da gidan sarki da hawan sallah, wanda UNESCO ta karrama na Kano a 2024, kuma sun cancanta. Gonar da ta ciyar da mahayan da dawakinsu ce ba mu taɓa lissafawa ba.

Na faɗa wa malamin wannan muna saukowa da la'asar, gwiwoyina na rawa. Ya ce shi abin da ke damunsa shi ne kusan duk abin da aka rubuta a kan garinsu da Turanci yake, yana can a jami'o'in waje da intanet, ɗalibansa ba su taɓa gani ba. Saboda haka ya fara wani abu da kansa. Yakan ba 'yan aji biyar da shida aikin gida: kowa ya je wurin kakansa ko kakarsa ya tambayo sunan gonarsu ta sama, wa ya fara noma ta, wace bishiya ce a cikinta, wane irin dawa ake shukawa, daga wace rijiya ake ɗiban ruwa. Su rubuto da Sakun ko da Hausa, yadda suka iya. Ya nuna mini littafin da yake tattarawa a ciki da muka iso gida, bangonsa ya yage, rubutun yara a karkace. A shafi ɗaya wata yarinya ta zana gonar kakarta da katangu bakwai, ta sa alama a kan biyun da suka rushe.

Ya ce abin da ya rage masa shi ne muryoyin tsofaffi, musamman masu waƙar zuga, amma wayarsa ba ta da wuri kuma caji sai an je kasuwa. Muka yi shawara zan aiko masa da katin ajiya na waya (memori) mai ɗaukar sauti da yawa da ƙaramin faifan caji mai amfani da hasken rana, in kuma wanke hotunan da na ɗauka in aiko, a ba kowane dattijo nasa, saura a liƙa a aji. Direba ya matsa mu tashi don a wuce shingen Gulak kafin magariba, ba a son tafiyar dare a wannan hanya. A Michika muka kwana, washegari na shiga kasuwar Mubi neman kayan.